Tsofaffin Katunan 'Yan Wasa da Kayan Tarihin Wasanni: Abin da Labarin Farashi ke Bari a Baya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani nau'in labari da ya yawaita a shafukan wasanni cikin 'yan shekarun nan, wato labarin tsofaffin katuna masu hoton 'yan wasa da riguna da sauran kayan tarihi da ake sayarwa a gidajen gwanjo na Amurka da Ingila kan kuɗi masu ɗaure kai. Mun karanta cewa a watan Mayun 2022 an sayar da rigar da Diego Maradona ya sa a wasan Ajantina da Ingila na 1986 kan fam miliyan 7.1, a watan Agustan wannan shekarar kuma aka sayi katin Mickey Mantle, ɗan wasan besbol (wasan ƙwallo da sanda na Amurka), na 1952 kan dala miliyan 12.6, sannan a 2024 rigar wani ɗan besbol ɗin, Babe Ruth, ta 1932 ta haura dala miliyan 24. Yawanci akan kawo adadin, a juya shi zuwa naira, a bar zancen a nan. Mai karatu sai ya tashi da ɗayan tunani biyu, ko dai ya ce mutanen can sun rasa abin da za su yi da kuɗi, ko kuwa ya ɗauka an buɗe wata sabuwar hanya ta yin arziki dare ɗaya. Abin da ake bari a baya, wanda kuma shi ne ya shafe mu, shi ne aikin adanawa da tabbatar da asali da wasu mutane suka shafe shekaru suna yi kafin waɗannan kaya su zama abin da suka zama.

Asalin waɗannan katuna talla ce kawai. Tun a shekarun 1880 kamfanonin taba sigari na Amurka suka fara sa ɗan kwali a cikin fakiti domin kada karan taba ya karye, suka kuma ga cewa in aka buga hoton ɗan wasa a jikin kwalin, mai saye zai riƙa komawa ga tabarsu don ya cika jerin hotunan. A Ingila ma kamfanoni irin su Ogden's da Wills da John Player sun yi haka da hotunan 'yan ƙwallon ƙafa da 'yan kurket. Daga baya, musamman daga shekarun 1930, harkar ta koma hannun masu yin cingam, ta zama abin yara. Yaran kuwa sun yi da katunan abin da yara ke yi: sun yi musaya da su, sun ɗaure su da roba har gefensu ya lotse, sun maƙala su a jikin ƙafar keke don su riƙa ƙara, iyaye mata kuma sun share sauran sun zubar ranar da aka yi kwalimar ɗaki. Wannan zubarwar ce tushen tsadar yau, domin abin da aka buga da yawa aka kuma raina, ɗan kaɗan ɗin da ya tsira da lafiyarsa shi ne ya zama abin nema.

Katin da ya fi kowane suna a wannan fage shi ne na Honus Wagner, ɗan wasan besbol na ƙungiyar Pittsburgh Pirates, wanda kamfanin American Tobacco ya fitar cikin jerin katunan da ya buga tsakanin 1909 da 1911. Tsawonsa bai kai santimita 7 ba, faɗinsa bai kai 4 ba. An dakatar da buga shi da wuri saboda Wagner bai amince ba. Wasu sun ce ba ya son yara su sayi taba don neman hotonsa, wasu kuma sun ce batun biya ne ya raba su da kamfanin. Ko ma wanne ne, sakamakon ɗaya ne, domin waɗanda aka san suna nan a yau ba su wuce 'yan gommai ba, kuma a 2022 an sayar da ɗaya daga cikinsu kan dala miliyan 7.25. Na Mantle kuwa labarinsa ya fi ban mamaki. Katinsa shi ne mai lamba 311 a jerin kamfanin Topps na 1952, ya faɗa cikin rukunin ƙarshe da ya fito a makare bai samu kasuwa ba, kuma Sy Berger, jami'in kamfanin da ya tsara jerin, ya ba da labarin cewa da kwalayen suka cika musu sito shekara da shekaru, sai aka loda su a jirgin ruwa aka zubar da su a tekun Atlantika. Wanda aka sayar kan dala miliyan 12.6 ɗin nan, mai shi ya saye shi ne a 1991 kan dala 50,000, ya kuma riƙe shi shekara 31 ba tare da ya bari ko kusurwa ɗaya ta lanƙwashe ba.

A nan ne nake son matasanmu masu ganin waɗannan adadi a waya su yi hattara. A ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, da labarin tsadar tsofaffin katuna ya bazu a Amurka, jama'a suka yi ta sayen sababbi kwali-kwali suna ɓoyewa da niyyar su biya wa 'ya'yansu kuɗin jami'a da su nan gaba. Kamfanoni kuma da suka ga kasuwa ta buɗe, sai suka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa. Tun da kowa ya adana nasa cikin leda, babu abin da ya yi ƙaranci, kuma mafi yawan katunan wancan zamani a yau ba su kai kuɗin kwalin da aka zuba su a ciki ba. Kallon kitse aka yi wa rogo. Irin haka ta sake faruwa a lokacin annobar korona, inda farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021, sannan na sababbin katuna da yawa ya faɗo warwas, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka tafka asara.

Da yake ƙaramin bambanci a lafiyar kati na iya ninka kuɗinsa sau goma ko fiye, sai aka samu kamfanonin tantancewa, wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne PSA da aka kafa a 1991. Mai tantancewa yakan sa kati ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma, ya duba kaifin kusurwoyi huɗu, ya bi gefuna ko akwai inda farin kwali ya leƙo, ya auna ko hoton ya zauna a tsakiya daidai ko ya karkata wajen yanka, ya karkatar da shi ga haske don ya ga ƙarce ko tabo ko alamar ninki da aka goge, sannan ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 a rufe shi cikin gidan roba mai tauri da lamba a jikinsa. Tsari ne mai amfani, amma tarihinsa kansa ya isa ya koya wa mutum kada ya miƙa wuya gaba ɗaya ga takardar shaida. Kati na farko da PSA ya tantance shi ne wani Wagner mai kyan gaske, wanda fitaccen ɗan wasan hokin ƙanƙara Wayne Gretzky da abokin cinikinsa Bruce McNall suka saya a 1991 kan dala 451,000, aka ba shi maki 8, ya yi ta canza hannu har ya kai dala miliyan 2.8 a 2007. A 2013 Bill Mastro, wanda ya taɓa zama babban mai gwanjon kayan wasanni a Amurka, ya amsa a gaban kotu cewa shi da kansa ya datse gefunan katin don ya ƙara masa kyau kafin ya sayar, an kuma ɗaure shi wata 20 kan laifin zamba da ya haɗa da sa mutanensa su riƙa taya kaya na ƙarya don farashi ya hau. Tun kafin haka, a ƙarshen shekarun 1990, hukumar FBI ta bankaɗo wata ƙungiya da ke ƙirƙirar sa hannun shahararrun 'yan wasa a jikin ƙwallaye da hotuna, tana haɗa su da takardun shaida na jabu. Idan haka ta faru a inda harkar take da kotu da masana, wanda zai tura kuɗinsa daga Kano ko Maraɗi ga wani da ya gani a Facebook yana tallar riga mai sa hannun Messi ya kamata ya san irin ramin da ke gabansa.

Akwai kuma wani ɓangare na harkar da nake ganin bai dace a yi shiru a kansa ba. A yanzu ana sayar da rufaffun fakitoci masu tsada waɗanda mai saye bai san abin da ke ciki ba, har ma akan tara kuɗin mutane da yawa a buɗe kwali kai tsaye a intanet, wanda rabonsa ya faɗa kan kati mai daraja ya kwashe riba, sauran su tashi da abin da bai kai rabin kuɗinsu ba. A ganina wannan ya bar sahun tara kayan tarihi ya shiga sahun caca, kuma malamanmu sun daɗe da yin bayani a kan cinikin abin da ba a san shi ba.

Rigar Maradona ita ce misalin da ya fi bayyana abin da nake nufi da asali. Ranar 22 ga Yunin 1986 aka yi wasan a filin Azteca na birnin Meziko, Ajantina ta ci 2 da 1, kuma Steve Hodge, ɗan wasan tsakiya na Ingila wanda ƙwallon da ya tashi daga ƙafarsa ne Maradona ya tura raga da hannu, shi ne ya yi musayar riga da shi bayan an tashi. Ya riƙe ta fiye da shekara 35, wajen 20 daga ciki tana ajiye a Gidan Tarihin Ƙwallon Ƙafa na Ingila inda kowa ke iya ganinta. Da aka zo sayarwa, 'yar Maradona ta fito ta ce wannan rigar ta zagayen farko ce, ba wadda ya ci ƙwallaye biyun da ita ba. Abin da gidan gwanjon Sotheby's ya dogara da shi wajen amsa mata shi ne gwada rigar da hotunan wasan daki-daki. Abin da ya taimaka kuwa shi ne an sayo waɗannan shuɗɗan riguna ne cikin gaggawa a kantin birnin Meziko kafin wasan, aka ɗinka musu tambari da hannu, aka manna lambobi masu ruwan azurfa, don haka kowace riga tana da 'yar karkatarta a ɗinki da zaman lamba da ba ta yi daidai da ta wata ba. Wanda ya biya fam miliyan 7.1 ya biya ne saboda an san hannun da rigar ta fito, an san inda ta kwana duk tsawon shekarun, akwai kuma hotunan da za a gwada ta da su. Da babu waɗannan, da tsohuwar riga ce kawai irin wadda ake zubawa a kasuwar gwanjo.

Mutumin da nake ganin ya fi cancanta a ba da labarinsa a wannan fage bai taɓa yin arziki da kati ba. Sunansa Jefferson Burdick, ma'aikacin wata masana'antar kayan lantarki a garin Syracuse na jihar New York, wanda ya rasu a 1963. Shi ne ya zauna ya rarraba katunan Amurka rukuni-rukuni, ya ba kowane jeri harafi da lamba, kuma lambar T206 da duk duniya ke kiran jerin Wagner da ita a yau daga kundinsa ta fito. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke New York kyautar abin da ya tara, kimanin guda 300,000, wajen 30,000 daga ciki na besbol, sannan ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana manna su cikin kundaye da hannunsa duk da ciwon gaɓɓai da ya nakasa masa yatsu, ya kammala 'yan makonni kafin rasuwarsa. Duk cinikin miliyoyin da ake yi a yau a kan aikinsa ya tsaya, domin sai an san me aka buga, yaushe, kuma guda nawa ne a jeri, kafin a san abin da ya yi ƙaranci.

Ƙwallon ƙafa, wanda shi ne namu, ya shigo wannan kasuwa a makare. Kamfanin Panini na garin Modena a Italiya ya fara sayar da hotunan 'yan wasa a 1961, ya fitar da kundinsa na farko na Gasar Cin Kofin Duniya a 1970, kuma sai a 2022 aka samu katin ɗan ƙwallon ƙafa da ya haura dala miliyan 1, wato na Pele da wani kamfanin Suwidin ya buga a 1958. 'Yan wasanmu sun shiga waɗannan kundaye tun da Najeriya ta fara zuwa gasar a 1994, don haka hotunan Rashidi Yekini da Daniel Amokachi suna nan a adane cikin leda a gidajen masu tarawa na Turai. Dukansu biyun kuwa Kaduna ce ta haife su, kamar yadda ta haifi Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro da suka ciyo zinare a gasar Olympics ta Atlanta a 1996. Yekini a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara, Amokachi kuma a Ranchers Bees, wadda ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Kofuna na Afirka a 1988. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Raccah Rovers ta Kano ta lashe a 1978, Kano Pillars kuma ta ɗauka a 2008 sannan ta jera uku daga 2012 zuwa 2014. A 1999 Kano da Kaduna da Bauchi suna cikin garuruwan da suka karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda Sifaniya ta lashe da Xavi da Casillas a cikin tawagarta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya bar tikiti da takardar jerin 'yan wasa da fosta da riga da katin rajista da hotunan da masu hoto na bakin fili suka ɗauka, kuma babu wata kasuwar waje da za ta adana mana su, domin ba su san Raccah Rovers ba.

Na ga yadda irin waɗannan kaya suke ƙarewa. Wani dattijo a unguwarmu da ya buga wa wata ƙungiyar ma'aikata a shekarun 1970 ya taɓa buɗe mini akwatinsa na ƙarfe. Rigarsa mai lambar da aka ɗinka da hannu tana nan, sai dai tsatsar akwatin ta ci kafaɗarta. Hotunan da ya ɗaure da roba laimar damina ta manne su wuri ɗaya, duk wanda aka ɓamɓare sai fuskar wani ta bi bayan ɗan'uwansa. Gara kuma ta cinye rabin takardar yabon da aka ba su. A hoto guda da ya tsira, mutum 16 ne, wasu a tsaye wasu a tsugune, ya kira mini sunayen 11 da laƙabinsu da unguwanninsu, sauran suka ɓace masa. Babu ko harafi ɗaya a bayan hoton. Ya ce kofin da suka ci yana ofishin ƙungiyar, da na je na tarar an mayar da ofishin shago, babu kuma wanda ya san inda aka kai abin da ke ciki. Dattijon ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma sunayen nan 11 ba su da wani mazauni yanzu sai takardar da na rubuta su a kai ranar.

Za a iya cewa al'ummar da ke fama da tsadar abinci da rashin tsaro ba ta da lokacin tsofaffin riguna, kuma ban raina wannan magana ba. Ni ma ina ganin zuba biliyoyin naira a kan kwali guda almubazzaranci ne, ba kuma shi nake kira a yi ba. Abin da nake kira a yi kusan ba ya cin kuɗi. A raba hotuna da roba da ƙusar maƙala takarda, a sa farar takarda tsakanin kowane biyu, a ɗaga su daga ƙasa da jikin bango saboda laima da gara. A rubuta sunaye da shekara da filin wasa a bayan hoto da fensir, domin tawadar biro tana ratsawa. Kada a kai tsohuwar takarda a liƙe ta da leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta, don ba ta sake fitowa kuma zafin yana lalata ta. Kada a rataye riga ko hoto inda rana ke duka, kada kuma a wanke rigar da aka buga wasa da ita don a ƙara mata kyau, domin tabon da ke jikinta yana cikin shaidarta. Sannan a ɗauki hoton komai da waya, a kuma naɗi muryar mai kayan yana bayani tun yana da rai da ƙwaƙwalwa. Wannan ya shafi dambe da kokawa da folo (ƙwallon dawaki) kamar yadda ya shafi ƙwallo. A Nijar ana gasar kokawa ta cin takobi tun 1975, kuma walkin zakara ko zaren da ɗan dambe ya ɗaure hannu da shi ranar da ya yi kisan da ake ba da labari, duk kayan tarihi ne in an san na wane ne da ranar da aka yi amfani da su. Haka ma hotuna da kofunan folo na Katsina tun zamanin Sarki Usman Nagogo.

Roƙona gare ka, Malam Edita, kashi biyu ne. Duk lokacin da za a kawo labarin wani gwanjo na ƙasar waje, a ƙara masa sakin layi ɗaya da zai bayyana dalilin tsadar da yadda aka tabbatar da kayan, domin kada matasa su ɗauka duk abin da aka rufe a gidan roba dukiya ne. Sannan jaridar ta ware ɗan fili, ko da sau ɗaya a wata, inda masu karatu za su aiko da hoton wani tsohon abu na wasanni da ke hannunsu tare da abin da suka sani game da shi, a buga, a nemi wanda ya gane wata fuska ko ya tuna ranar ya rubuto. Wakilanku na wasanni suna iya gwada abin da aka aiko da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian da ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, inda za a samu ranar wasa da sakamako da sunayen 'yan wasa. Abin da aka tabbatar a ajiye kwafinsa a jaridar, in iyalan mai kayan sun yarda kuma a haɗa su da wurare irin su Gidan Makama na Kano don a duba yiwuwar karɓarsa aro ko kyauta da rubutacciyar yarjejeniya. Idan aka buɗe filin, hoton dattijon nan na mutum 16 yana hannun 'ya'yansa, sun kuma amince in aiko da shi tare da sunaye 11 da nake da su, ko Allah zai sa a samu mai cika sauran biyar ɗin.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridar ɗaukaka.

Wassalam.

Naku mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna.